Nauyin Ruwa a Kan Igiya

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Daga mahaifinka, Idi mai haƙar rijiya, a Matamaye, zuwa ga Ɗanbaba, a duk zangon da takardar nan ta same shi, ko a Damagaram ko gaba da ita. Gaisuwa mai yawa. Ina gajiyar hanya, ina baƙunta, ina fama da rana? Allah ya sa ka sauka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na rami da na mutum. Malam Isufu ne ke riƙe da alƙalami, ni nake faɗa. In ka ji magana ta karkace, bakina ne, ba hannunsa ba.

Ba labarin gari zan ba ka ba, gari yana nan yadda ka bar shi. Maganar goranka ce ta zaunar da ni gaban Malam.

Ka tuna ranar da gardi, dogarin Nasara, ya zo da tafinta bakin kasuwa, suna zaɓen waɗanda za su haƙa wa Nasara rijiyoyi a hanyar arewa? Da ya iso kanka sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, “Wannan ai igiya biyu zai ci. In ya yi nauyi a can, a mai da shi ɗaukar ƙasa.” Mutane suka yi dariya, kai ma ka yi, amma taka ba ta wuce haƙori ba. To tun daga ranar goran ruwan da kake fita da shi yake dawowa da nauyinsa. Innarka ce ta fara lura, don ita ke ɗauraye shi. Ta ce mini, “Maigida, yaron nan ya daina shan ruwa.” Na ce haba, ki bar zancen nan. Sai na sa ido da kaina. Na ga kana wuce randa kamar kun yi faɗa, na ga leɓenka ya tsattsage. Ranar tafiya kuma da aka miƙa maka moɗa, baki kawai ka taɓa ka mayar.

Na san abin da kake nufi, domin ni na riga ka yin wannan wauta. Kana so ka rage nauyi kafin a ɗaura maka igiya, kada a ce ɗan gidan Idi ya koma ɗaukar kwando, kuma ka ɗauka ruwa ne ke cika ka. Ka saurare ni da kyau. Rijiyar arewa ba irin tamu ta ƙorama ba ce, da za ka haƙa zuwa ƙirji ruwa ya yi maka maraba. A can in ka ɗaga kai daga ƙasa, bakin rijiya bai fi bakin ludayi ba. Wanda ya sauka wurin nan da ƙishirwa a jikinsa, ba lallai ya fito da ƙafarsa ba.

Mu masu rijiya muna da ma’aunin da ko fataken Damagaram ba su da irinsa, wato hannun mai igiya. Ka san Nomau, abokina, wanda yanzu yatsunsa suka ƙandare. A zamaninsa in ya sauke ka, tun ba ka yi nisa ba zai leƙo ya ce, “Jiya ka ci tuwon suna, ko?” Kuma ka ci ɗin. Da shi na fara zuwa Damargu, tun Nasara ba su shigo ƙasar nan ba, ina saurayi mai jiki irin naka sak. Turmi suke ce mini. Kullum da safe sai ka ji, “A zo a kama, za a sauke Turmi!” Ina dariya, amma abin yana cina a rai.

Wata rana da yamma Nomau ya jawo ni ya ce, “Kai, da yamma ka fi daɗin ja.” Sai na zauna na yi lissafina na saurayi. Na ce da safe ina da nauyi, da yamma ba ni da shi, abin da ya fita tsakani gumi ne. To in ban mayar da shi ba, ai sauƙin zai zauna. Ka ji hankali! Na shiga kurkure baki ina zubarwa, fura ma sai in tsame gaya in bar ruwan. Kuma abin ya yi aiki, shi ne mugun abin. Ba a jima ba Nomau ya ce, “Ikon Allah, Turmi ya zama taɓarya.” Wallahi ranar ji na yi kamar an naɗa mini rawani.

Jikina yana ta yi mini magana, ni kuwa na toshe kunne. Fitsarina ya koma ɗan kaɗan, ja wur kamar ruwan goro. Kaina yana sarawa tun hantsi. Sharaɓar ƙafata tana ɗaurewa in na tsuguna. Daga baya gumin ma ya ɗauke ɗif a cikin rami, ni kuma na yi murna, wai jikina ya yi tauri.

Ranar da muka kai ga danshi abin ya faru. Na ji dagi ya daina ƙara, ya shiga laushi, ƙasa ta yi sanyi a hannu. Can sai ga ruwa yana tsattsafowa tsakanin yatsun ƙafata, a hankali, ba ko motsi, ruwan da tun da Allah ya ajiye shi ido bai taɓa ganinsa ba. Na sunkuya in dube shi. Bangon rijiya ya juya, shi ke nan abin da na sani. Na farfaɗo a sama, Nomau yana kwara mini ruwa a ka yana mari na, fatar tafinsa duk ta saɓule. Allah ya taimake ni ban kwance igiyar daga ƙuguna ba, da fuskata ta kwana cikin ruwan da na haƙo. Da ya ga idona ya buɗe sai ya zauna daɓas ya ce, “Idi, tun da nake ban taɓa jan abu mai nauyinka na yau ba. Mai rai yana taimakon igiya, yana dafa bango da ƙafa. Wanda ya suma kuwa sai dai a ja shi kamar buhun ƙasa.”

Suka dinga ba ni ruwa kaɗan-kaɗan, da farau-farau mai ɗan gishiri, har na dawo hayyacina. Da na huta na koma kan igiya, Nomau ya leƙo ya ce, “Turmi ya dawo, ko ƙwaya bai ragu ba.” Duk wahalar nan da na sha, tsoka ko ta loma ɗaya ba ta bar jikina ba. Ruwa ne ya fita, ruwa ya dawo.

Na daɗe zaune a bakin rijiyar nan ina kallon hannuna. Subhanallahi! Ashe abin da igiya ke ɗauka, mai yawansa ruwa ne. Muna tsaga ƙasa muna neman ruwa kamar za mu mutu, alhali muna yawo da namu a cikin fata, yana shiga yana fita ba da izininmu ba, yana ɗaga ma’auni da safe ya sauke shi da yamma.

Don haka, Ɗanbaba, sauƙin da ƙishirwa ke ba ka aro ne, moɗa ɗaya ke karɓe shi. Ka sha kafin ka sauka. Ka sa a dinga sauko maka da gora cikin kwando in an juye ƙasa. Ka riƙa duban fitsarinka, ba abin kunya ba ne. In yana da haske kana lafiya, in ya yi ja ka nemi salka tun kafin ka ji ƙishi. In kuwa kana cikin rami ka ji gumi ya ɗauke, kada ka tsaya ƙarasa ko kwando ɗaya, girgiza igiya a fitar da kai. Kuma kada ka kuskura ka kwance ta daga ƙugunka, komai ta takura maka.

Da a ce wannan ya ishe ni darasi, da na ce ina da wayo. Ina! Wata shekara muka yashe wa waɗansu Buzaye rijiyar zangonsu. Ba su da hatsi da yawa, sai suka yi ta ciyar da mu busasshen nama da suka shafe da gishiri, da cuku, suka kuma ba mu gutsuren kantu muna jefawa a miya yadda muka ga dama. Mu da gishiri ke yi mana wuya a gida, muka samu banza, muka yi ta zabgawa. Kafin a jima kambun da ke dantsena ya fara cizo na. Na tashi da safe fuskata ta yi suntum, idanu ƙanana. Nomau ya ce, “Turmi ya haifi ɗa.” Na ce shi ke nan, ƙiba ta dawo da ƙarfinta. Sai na yanke tuwo, na koma tsinken naman nan kawai, don na ga shi ne ƙarami. Yunwa tana cina, ƙarfi yana tafiya, nauyi kuwa ko gezau.

Wani dattijo cikin Buzayen, mai kula da raƙuma, ya ga ina ture akushi. Da ya ji dalili sai ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya ja ni wurin dabbobi ya nuna mini wani raƙumi ramamme da za su kai kasuwa. Ya ce, “Ka dube shi da kyau.” Ya ba shi kanwa ya lasa ya ƙoshi, ya kai shi kwami. Raƙumin nan ya sa baki ya yi ta sha, ya yi ta sha, ina tsaye ina kallon haƙarƙarinsa suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin rana ta karkata ya cika ya yi santsi. Dattijon ya ce, “Mai saye zai ce ya yi ƙiba. Kai ma haka ka sayi kanka. Gishiri ba ya tafiya shi kaɗai, inda ya zauna sai ya riƙe ruwa ya zauna da shi.”

Na ce to sai in daina shan ruwan ke nan? Ya ce, “Wawa. Gishirin za ka bari, ruwan kuma ka ƙara.” Ban yarda ba, amma na gwada, don ba ni da wata dabara. Na koma tuwona da miyar kuka lami, na yi ta shan ruwa. Tabɗi! Na wuni ina zarya bayan duhuwa har abokan aiki suka ce ko na sha tsamiya ne. Kumburin fuska ya saɓe, kambu ya saki dantsena, Nomau ya daina ƙorafi. Ka ji abin al’ajabi, ruwa ne ya kori ruwa. Na tambayi malamai da yawa hikimar wannan, ba wanda ya ce mini komai sai Allahu Akbar, ni ma a nan na tsaya.

Na ji an ce abincin da Nasara ke rabawa a wurin aiki akwai busasshen nama da gishiri a ciki. Ka ci, ban hana ka ba, mai gumi yana bukatar gishirinsa. Amma in ka wayi gari ka ga zobe ya matse ko takalmi ya ƙi shiga, kada ka firgita ka ce ƙiba ce. Ƙiba ba ta zuwa a kwana guda, ba ta kuma tafiya a kwana guda. Abin da ya zo da sauri ruwa ne. Haka nan farkon aiki, in jiki ya yi tsami, sai ka ji ka ƙara nauyi, don naman da ya sha wuya yana riƙe ruwa kafin ya warware. Ka ƙyale shi, zai saki da kansa.

Za ka ce, to Baba, kai yaya aka yi ka rame har aka manta da sunan Turmi? Gaskiya ban san ranar ba. Abin da na sani, akwai ranin da muka yi ta aiki ba hutu, daga Kance zuwa ƙauyukan Dawce, wannan rijiya na ƙarewa wata na jira. Na riga na daina tambayar Nomau nauyina, don na gaji da zancen. Ina shan ruwa in ƙoshi kafin in sa hannu a akushi, sai na ga rabin abin da nake kira yunwa ashe ƙishirwa ce ta yi shigar yunwa. Na daina ƙarin tuwo na biyu, na rage ɗumame mai man shanu, ba don dabara ba, don ciki ya riga ya natsu. Da damina ta faɗi na koma gona, na ɗauko tsohon walkina, sai ga shi ya zagaye ni har da saura. Innarka ta dube ni ta ce, “Wa ya sace rabinka?” Wannan ramar ita ce ta gaske, don na sha ruwan randa guda ba ta koma ba. Kai ma aikin da ke gabanka zai sassaƙe ka, ko kana so ko ba ka so. Ka ba shi watanni. Ka auna kanka da mazagin wando daga wata zuwa wata, ka bar tambayar mai igiya kowace safiya.

Malam Isufu ya ce takarda ta kusa cika. Na ce ya nemo wata, don maganar da ta fi nauyi ba ta fito ba tukuna.

Shekarar babbar yunwa kana yaro, amma na san ba ka manta ba. Rumbu ya ƙare, muka koma cin ’ya’yan hanza na daji da ganyen tafasa da ƙwayar ƙarangiya. Innarka tana zuba muku nata rabon a ɓoye, tana cewa ta ci a madafa. Ta rame har munduwarta tana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ana nan sai na ga ta fara cikowa. Ƙafafu suka yi kauri, kumatu suka fito, fata tana sheƙi, munduwa ta tsaya cak a wuyan hannu. Wayyo ni! Na yi farin ciki. Na fita ƙofar gida ina gaya wa maƙwabta, “Alhamdu lillahi, mai ɗakina ta juyo, jiki yana dawowa.” Ni da na ga raƙumin Buzu da idona, ban gane ba, don zuciyata tana so ya zama gaskiya.

Iya Tabawa, ungozomar unguwarmu, ta shigo gaisuwa. Ta tsuguna ta danna babban yatsanta a ƙaurin innarka, ta ɗauke. Gurbin yatsan ya zauna, rami sosai, bai taso ba. Muna kallo, yana nan. Ta ɗago ta dube ni ta ce, “Idi, kai mai rijiya ne, ka san abin da ke ƙarƙashin ƙasar da ta yi haka.” Ta ce, “Wannan ba nama ba ne. Yunwa ce ta cinye ta har jikin ya kasa riƙe ruwansa a inda ya kamata, ya malale ƙarƙashin fata. Matarka tana can ciki, ƙarama, ruwa ya rufe ta.”

A nan na yi kuskuren da ya fi kowanne, kuma shi nake jin ya bi ka har yau. Na ce tunda ruwa ne ya kumbura ta, to a hana ta ruwa. Ban tambayi kowa ba. Na ɗauke moɗa daga bakin randa, na kira ka na ce, “Ko ta roƙe ka kada ka ba ta.” Ka yi biyayya, Allah ya yi maka albarka, kana tsaye bakin ƙofa tana kiran ruwa kana kuka. Kumburin bai ragu ba ko kaɗan. Abin da ya ƙaru shi ne bakinta ya bushe, harshe ya yi kauri, ta fara sambatu. Iya Tabawa ta dawo ta tarar da haka. Ban taɓa shan zagi irin na ranar ba, kuma na cancanta. Ta ce, “Ruwan da ke ƙafarta ba ya kashe mata ƙishi, kai sakarai! Ba ruwa ne ya yi mata yawa ba, abinci ne ya yi mata kaɗan. Mayar da moɗar nan, ka tashi ka nemo nono.”

Na ɗauki dagi na nufi wajen Yauri, inda na ji waɗansu Fulani na da sauran shanu amma rijiyarsu ta rufta. Na yashe musu, suka dinga ba ni nono a ƙwarya da ɗan wake. Iya Tabawa ta hana a ba ta da yawa a tashi ɗaya, ta ce cikin da ya daɗe a rufe ba a banko shi. Ludayi-ludayi aka yi ta ba ta, da ruwa duk lokacin da ta nema.

Sai ga abin da ban taɓa gani ba. Ruwan nan ya fara fita ta hanyarsa. Ƙafa ta saɓe, fuska ta zube, fata ta yi yaushi ta rataya. Munduwa ta sulluɓe ta faɗi ƙasa da kanta. Wata safiya na ɗauke ta zan kai ta inuwar bishiyar bedi, na ji kamar na ɗauki ƙunshin zane. Ni da hannuna ya san nauyin mutane, na san wannan ba nauyin babba ba ne. Na ajiye ta na fashe da kuka a gaban mata, na ce shi ke nan, ta ƙare. Iya Tabawa ta yi dariya, haƙoranta na goro duk a waje. Ta ce, “Yau ka ga matarka. Waccan mai kumatu mutuwa ce. Wannan ƙashin da kake wa kuka, a kansa za a gina.” Innarka kuwa ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa, a karo na farko tun da ta kwanta.

Ɗanbaba, ka dubi wannan lamari. Ranar da ta fi nauyi tana bakin kabari, ranar da ta fi sauƙi ta juyo ga rayuwa. Ni kuma ranar da na fi sauƙi a kan igiya ita ce ranar da na kusa mutuwa. Wane ne zai iya wannan in ba Allah ba? Na shekara da shekaru ina bin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, na san warinsa, na san irin yumɓun da yake so, ina iya duban tsiro in ce a haƙa nan. Amma ruwan da ke cikin ɗan Adam, har yau tsoronsa nake ji, ina kuma girmama shi.

Abin da na koya maka a bakin ƙofar nan ƙarya ne, yau na janye shi. Ruwa bai kumbura innarka ba, kuma ba shi ya ba ka jikinka ba. In ka ga wani cikin abokan aikinka ƙafarsa ta cika, ka danna. In gurbi ya zauna, kada ku yi masa barka da ƙiba, kada kuma ku hana shi sha. Ku cire shi daga rami, ku nema masa abinci na kirki, ku kai maganarsa gaban mai magani. In kai ne, ka aiko a gaya mini, ko da rarrafe zan zo.

Saura magana ɗaya, ita ce na sa Malam ya kau da kai yana rubutawa.

Kai ɗan fari ne. Ka san al’adarmu, ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zaunar da kai a cinyata ba. Ranar sunanka ma gona na gudu. Ƙannenka duk na ɗauke su na cilla sama, kai kuwa a hannun kakarka ka girma, ina wucewa ina satar kallonka. Bazarar da ta wuce, a rijiyar Dawce, bayan ka sauka hannun Nomau ya ƙi, yatsun suka riƙe. Ya waiga yana neman wanda zai karɓa, ni ne kusa. Kana can ƙasa, ba ka ga wanda ke sama ba. Da ka girgiza igiya, ni na jawo ka, ina gaba sauran suna bayana. Kafin kanka ya fito na miƙa wa wani na koma gefe ina gyara kwando.

Ranar ce na fara jin nauyinka a hannuna tun da aka haife ka. Na ji ƙafarka tana dafa bango, dama da hagu, da ƙarfi, igiya tana rawa da numfashinka. Kafaɗuna sun yi kwanaki suna ciwo, ban gaya wa kowa ba, ban kuma so ciwon ya tafi ba. Gardi ya ce ka yi yawa. Ni na ɗauke ka, kuma ina gaya maka ba ka yi yawa ba. In sun mai da kai ɗaukar ƙasa, ka ɗauka, ba ka zubar mini da komai ba. Amma kada ka rage mini ko kaɗan daga abin da na ji a igiyar nan ta hanyar ƙishirwa. Ina son abuna ya dawo yadda ya tafi.

Innarka tana bayan zana tana jin duk abin da nake faɗa. Ba ta ce a gaishe ka ba, ka san ba za ta ce ba, amma ba ta tashi daga wurin ba tun da muka fara. Nomau yana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka, Malam Isufu ya sa maka albarka.

Allah ya tsare saukarka, ya tsare fitowarka. Allah ya riƙe bangon kowace rijiya har ka bar cikinta, ya ƙarfafa igiya, ya ba masu riƙe ta amana. Allah ya haɗa ka da ruwa mai daɗi a kusa, ya ba ka hankalin shan sa. Allah ya sa duk wanda ya ja ka ya yi ƙorafin nauyi, safe da yamma, har ranar da za ka shigo gidan nan da ƙafarka. Amin.

Wassalamu.

Mahaifinka, Idi.